Hannun Auta

Ƙishin-ƙishin ɗin daga taron zumuntar mata ya fito, kafin a ankara ya yi ƙafafu ya zaga unguwa: wai Auta kafinta ya tuba. Wai sabon fasto ya je duba shi a gadon jinya, ya tambaye shi ko ya janye maganar nan da ya yi a kan Allah, shi kuwa da yake shanyewar jiki ta ɗaure masa harshe, sai ya amsa da hannu, ya damƙe hannun faston gam. Mai sayar da gawayi ta ce sau ɗaya ya damƙe. Matar mai kemis ta ce sau uku, na Uba da na Ɗa da na Ruhu Mai Tsarki. Ko da labarin ya kai layin teloli har an ƙara masa hawaye, da wani haske da aka ce ya cika ɗakin.

Gwaggo Hujja, yayar Auta ciki ɗaya, ita ce kusan ta ƙarshen ji, wannan kaɗai kuwa ya ishe ta zargi. Kimiyya ta koyar a sakandare har ta yi ritaya. Ɗalibanta ne suka laƙaba mata sunan, don ba ka isa ka kai ƙarshen zance a gabanta ba tare da ta ce maka, "Ina hujja?" ba. Sunan ya bi ta gida, ya bi ta coci, har fastoci sukan sake auna abin da za su faɗa in sun hango gilashinta a benci na biyu.

Maganar da ake cewa Auta ya janye tsohuwa ce, amma babu wanda ya manta da ita. Ranar da aka kawo gawar 'yarsa tilo coci, yarinyar da zazzaɓi ya ɗauke tana dab da gama makaranta, faston wancan lokacin ya hau mumbari ya ce Allah ne ya ga furensa ya tsinke, don haka kowa ya share hawaye. Auta shi ne shugaban mawaƙa, shi ne kuma ya ƙera akwatin gawar da hannunsa. Ya miƙe tsaye a gaban jama'a ya ce, "In shi ya yi wannan da gangan, to ba uba ba ne. Ni kafinta ne kawai, amma ba zan yi wa abin da na haifa haka ba." Dattawa suka sa shi ƙarƙashin horo: ya koma bencin baya, ba cin jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabi na tunawa da Almasihu, ba waƙa, sai ran da ya tsaya a inda ya yi maganar ya janye ta. Auta bai taɓa zama a bencin nan ba, alhali shi ya ƙera shi. Ya daina zuwa ke nan. Dokar ikkilisiyar kuwa a fili take: wanda ya mutu ƙarƙashin horo ba a shigar da gawarsa coci, ba a yi masa waƙa. Gajeriyar addu'a a bakin kabari, a watse.

Likita kuma ya riga ya ce a mai da shi gida.

Babban dattijon coci ne ya zo da kansa ya sami Gwaggo Hujja a baranda tana ba shukokinta ruwa. Dogo ne mai tattausar murya, yana cikin waɗanda suka yanke horon tun gemunsa yana baƙi.

"Malama, kin ji abin alherin da ya faru."

"Na ji ana faɗa."

"Ranar Lahadi bayan sujada za mu zauna. Matarsa ta roƙa a ɗage horon. To, matar mutum ba ta yi masa shaida, fasto kuma sabo ne, bai san farkon zancen ba. Sai muka ce ke za mu ji. In kin ce ya tuba, mu ɗage. In kin ce a'a, abu ya tsaya yadda yake."

"Wato kun wasa wuƙar kun miƙo mini."

"Kowa ya san ba kya ƙarya."

"Kowa kuma ya san ƙanena ne."

Ya yi murmushi, ya ce Allah ya ba da lafiya, ya tafi. Ta bi ƙeyarsa da kallo har ya sha kwana. Ta rasa gane abin da yake nema. Ko so yake ta ce e, ya sauke kayan da ya daɗe yana ɗauke da shi kafin shi ma a kira shi, ko so yake ta ce a'a, gobe a ce ai 'yar'uwarsa ce ta hana, ba dattawa ba. Ko ta ina abin ya faɗi, shi dai ya fita. Ta ajiye bokiti, ta ɗauki jaka da sanda. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce in gani a ƙasa.

Gidan Auta ɗaki biyu ne a bayan shagonsa, shagon da yanzu yake kulle, wata kujera da bai gama haɗawa ba tana leƙe ta taga da ƙafa uku. Matarsa, wadda dangi ke kira Amarya har yau da furfura ta cika mata kai, ta tarbe ta a ƙofa da jiƙaƙƙen hannu.

"Yaya, kin ji ko? Allah ya dube mu."

"Na ji. Je ki ɗora mini ruwan shayi, ki bar ni da shi."

Ɗakin yana warin man zafi da sabulu, da wani abu a ƙarƙashinsu wanda sabulun bai iya rufewa ba. Fanka tana juyawa da ƙara kamar mai ƙorafi. An jera kwalaben magani a bakin taga, da kofi, da cokalin da ake ba shi ruwa. Auta yana kwance a rigingine, bakinsa ya karkace, idonsa a buɗe yana kallon wani wuri tsakanin rufi da bango. Hannun dama ya mutu, an ɗora shi a kan matashi. Na hagu yana kan zani, tafin a sama.

Gwaggo ba ta fashin zuwa gidan, amma a bakin ƙofa take zama ta yi wa Amarya faɗa a kan lokacin shan magani. Su gidansu ba a saba kama hannu ba. Yau ta ja kujera har jikin gado, ta sa yatsunta a tafinsa.

"Auta, ni ce. Ka janye maganar nan?"

Yatsun suka rufe a kan nata da ƙarfin da ba ta zata ba, ƙarfin mai riƙe guduma. Ta rufe ido. Da a ce za ta tashi a nan, da ta fita da labari mai daɗi, kuma ba wanda zai ce ta yi ƙarya. Ta ɗan jima a haka.

Amma wanda ya yi shekaru yana hana yara yanke hukunci da gwaji ɗaya ba ya yafe wa kansa. Ta zare hannun da ƙyar, ta jira yatsun suka saki, ta mayar.

"Auta, ba ka janye ba ko? Kana nan a kan bakanka?"

Ya damƙe.

"Auta, kai ka haife ni?"

Ya damƙe.

Ta miƙa hannu ta ɗauko cokalin daga taga. Ba ta ce uffan ba, ta ɗora masa shi a tafi. Yatsun suka naɗe cokalin da irin ƙarfin nan dai, ba ragi ba ƙari. Idonsa bai motsa daga inda yake ba. Haka jariri sabon haihuwa yake yi in ka sa masa yatsa, ta sha koyar da wannan a aji.

Ta bar masa cokalin, ta fita kicin.

Amarya tana tsaye a gaban risho, ta juya baya. Gwaggo ta lura kofi ɗaya kawai ta fitar, kuma ruwan ya daɗe da tafasa ba ta sauke ba.

"Amarya, waye ya fara faɗar wannan magana?"

"Wace magana, Yaya?"

"Kada ki mai da ni yarinya. Kina ɗakin da fasto ya tambaye shi?"

"Ina nan kicin. Uwar zumunta ce ta zo dubiya, ta tsaya a ƙofa ta ga hannunsu a haɗe, fasto yana share ido. Ita ta fito ta ce mini in yi murna."

"Ta ji tambayar?"

"Ta ga hannu."

"Ke kuma kullum kike goge masa jiki. Kin san abin da hannun nan yake yi da tsumma."

Amarya ta sauke tukunyar, ta ɗauki lokaci tana neman inda za ta ajiye ta. Da ta juyo, fuskarta ba kunya, sai gajiya.

"Na sani. Har gefen zanena yake kamawa in na sunkuya. To sai me? Yaya, mutumin nan shi ya koya wa rabin cocin nan waƙa. Mumbarin da suke hawa, shi ya yi shi. A fitar da shi ta bayan gari kamar wanda ya yi sata? Ni na binne 'yata da waƙa, ina so in binne ubanta da waƙa. Ban ƙirƙiri komai ba, an kawo mini na karɓa."

"Ban ce kin ƙirƙira ba."

"Idonki ya ce."

Gwaggo ba ta sha shayin ba. Saura mutum ɗaya, kuma shi ta fi zargi. Sabon fasto matashi ne, ya zo ya tarar da coci rabi a cike. Me ya fi masa daɗi kamar a ce kafintan da ya gagari fastoci huɗu, shi daga zuwansa ya kamo shi? Irin wannan kifi ba a samunsa kullum.

Ta same shi a ɗan ofishinsa na bayan mumbari, ya naɗe hannun riga yana goge ƙananan kofunan jibi yana kifewa a tire. Ya taɓa zama a ajinta, kuma har yau in ya gan ta sai ya gyara tsayuwa.

"Malama, sannu da zuwa. Da kin aiko ai da na zo."

"Zauna, Baba Fasto." Ta ja sunan yadda ya san ba girmamawa ba ce. "Me ka tambayi ƙanena?"

"Ban tambaye shi komai ba."

Ta ɗaga gilashi ta dube shi. Ta zo da shirin kama maƙaryaci, sai ga shi ya miƙa wuya tun ba a ja ba.

"To me ka je yi?"

"Gaya masa na je yi. Na ce masa Almasihu ya mutu dominsa tun bai yi waccan maganar ba, yana kuma sane za a yi ta. Na ce masa Allahn da yake fushi da shi ya san zafin mutuwar ɗa, don shi ma ya ga ta nasa. Sai na kama hannunsa zan yi addu'a, ya riƙe ni, na kasa zarewa. Kuka kam na yi. Shi ke nan."

"Da ka ji gari ya ɗauka wai ka tambaya ya amsa, ka ƙaryata?"

Ya ɗauki wani kofi ya shiga gogewa, kofin da ya riga ya goge.

"Shiru ma magana ce, Baba Fasto. Tun kana aji uku haka kake, in ba ka yi aikin gida ba sai ka duƙufa gyaran biro."

"Na ga abin zai taimaki matarsa."

"Kai ma bai cuce ka ba."

Bai musa ba, ta kuwa rubuta masa wannan a zuciyarta, a gefen kirki.

Ta jingina sandarta da tebur. "Bari in tambaye ka, tun da kai aka tura makarantar tauhidi. Tun ina yarinya ake gaya mana ceto alheri ne, kyauta ne, ba a saye, ba a yin aiki a samu. Sai mutum ya miƙa hannu a ce masa tsaya, ina tubanka, waye ya gani, a wane benci ka zauna. Wace irin kyauta ce wannan da sai an ci jarrabawa?"

"Tuba wajibi ce, Malama, ba zan ɓoye miki ba. Amma ita ma kyauta ce. Ba mu muke ƙera ta mu kai masa ba, shi yake sa ta a zuciyar mutum."

"Ya sa wa Auta?"

"Ban sani ba."

"Madalla. Yau na ji fasto ya ce bai sani ba, ban yi tsufan banza ba."

Ya yi 'yar dariya. "Abin da ke gudana tsakanin Auta da Mahaliccinsa a kan gadon nan, ba ni da tagar leƙawa. Ko yana ji, ko ba ya ji. Allah ba ya bukatar harshe kafin ya ji mutum. Horo kuwa ikonsa a ƙofar coci ya tsaya. Dattawa ba su da mabuɗin ɗaya ƙofar."

"Je ka gaya wa Amarya haka. Ita ƙofar cocin take so."

Ya rage murya duk da ba kowa a wurin. "Ba sai kin yi ƙarya ba, Malama. Ki ce musu kin sa hannu kin tambaye shi, ya damƙe. Ai hakan ya faru, ko? Ki tsaya a nan. Ba wanda zai ƙara tambayarki."

"Wannan a wace shekara aka koya muku shi?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ɗauki sandarta ta fita, amma maganar ta biyo ta. Ta bi ta kasuwa, ta bi ta wurin wanki, ta zauna da ita a baranda. Jimla ɗaya ce, kowace kalma a cikinta gaskiya, kuma za ta shigar da Auta coci a kafaɗar mawaƙansa. Wa za a cuta? Dattawa, da su ma alamu sun nuna so suke a ruɗe su?

Ranar Lahadi bayan sujada jama'a ba su watse da wuri ba. Mata suka yi cirko-cirko a inuwa, kowace tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Amarya tana zaune a dakalin da ke jikin tagar ofis. Da ta ga Gwaggo ta miƙe ta riƙe mata gefen mayafi.

"Yaya, don Allah. Ke ma jininki ne."

"Shi ya sa. Mutumin nan ya rasa waƙarsa, ya rasa abokansa, bai janye maganar nan ba. Daidai ce ko kuskure, tasa ce. Yau da ba shi da baki sai in je in janye masa a bayan idonsa?"

"To in Allah ya ƙi shi fa?"

"In har sai mun yi wa Allah magudi kafin ya karɓi Auta, to Auta ne mai gaskiya a kansa tun farko. Ni kuwa ban yarda haka Allah yake ba. Sakar mini mayafi."

Amarya ta saki. Ta koma dakalin ta zauna, ba ta ƙara dubanta ba.

A ciki dattawa sun jera kujerun roba, sun bar mata ɗaya a tsakiya kamar mai ɗaukar jarrabawar baki. Fasto yana gefe kusa da wata tsohuwar ganga da fatarta ta fashe. Aka yi addu'a. Ma'aji ya fara dogon bayani a kan tarihin horon, wani ya katse shi ya ce kowa ya sani. Wani dattijo mai kunne ɗaya ya ce shi dai ya ji har haske an gani, yana so a tabbatar masa da wannan tukuna. Gwaggo ta ce ai fanka ma da ƙyar take juyawa a ɗakin, balle haske. Aka yi 'yar dariya, ta mutu nan da nan.

Babban dattijo ya gyara murya. "Malama, kin je kin gani da idonki. Ba ma son dogon zance. Kamar yadda na gaya miki, a bakinki abin yake. Ɗan'uwanmu ya tuba, ko bai tuba ba?"

Ta ga ƙeyar Amarya ta labulen taga. Ta ga fasto ya kafa ido a ƙasa. Ta cire gilashinta ta riƙe a cinya.

"Fasto bai tambaye shi komai ba, ga shi nan ku tambaye shi. Ni na tambaye shi ko ya janye, ya damƙe hannuna. Na tambaye shi ko bai janye ba, ya damƙe. Na sa masa cokali, ya damƙe cokalin. Duk abin da aka sa a tafin nan kamawa yake yi, ciwon ne. Bai janye maganarsa a gaban kowa ba. Ko ya tuba a zuciyarsa, ko Allah ya karɓe shi, ni ban sani ba, ku ma ba ku sani ba."